Mota mai buɗe kai ta okaziyo: abin dubawa kafin a kai ta hanyar Dakwaro da Mai Yara

Duk lokacin sallah ko bikin aure a Maraɗi ba a rasa ganin ɗaya ko biyu: an naɗe rufi, ango ko abokansa na zaune iska na kaɗa su, ƴan kabu-kabu na biye da oda. Ita ce motar da ake kira dekapotabul ko kabriyole. A ƴan shekarun nan sha'awarta ta wuce ta kwana guda, domin akwai matasan da suka yi shekaru suna nema a Libiya, Aljeriya ko wuraren haƙar zinari na Jado da Cibarkaten, da ƴan kasuwar da suka ɗan samu, waɗanda ke son ta zama motarsu ta kullum: su je kasuwa da ita, su yi Yamai ko Damagaram, ranar Juma'a su kai gaisuwa gida. Idan gidan yana ƙaramar hukumar Mai Yara ne, cikin gundumar Dakwaro, to akwai lissafin da ya kamata a yi tun kuɗin na aljihu.

Abin da ke jan hankali shi ne farashi. Marsandi ko BMW mai buɗe kai da ta shekara 15 zuwa 20 takan zo da kuɗin da bai kai na Hilux mai irin shekarunta ba, wani lokaci ma bai kai na Corolla mai tsafta ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A Turai da Amurka ma masu su na rabuwa da su ne idan kuɗin gyara ya fara fin darajar motar, kuma a nan masu nemanta kaɗan ne. Kuɗin saye ya faɗi, amma kuɗin kayan gyara yana nan yadda yake tun motar na sabuwa. Yuro ɗaya sefa 655,957 ne, wato kusan 656, don haka famfon rufin da ake sayarwa yuro 1.000 a Jamus ya kama jika 656 kafin a sa kuɗin jigila da na duwan.

Daga ina take fitowa

Mafi yawan motocin okaziyo da ke Nijar sun sauka ne a tashoshin ruwa na Kwatano da Lome, shi ya sa har yau ake ce musu ƴan Kwatano. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a watan Oktoban 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Tarayyar Turai, Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari sun nufo Afirka. A shekarar ce masu binciken sufuri na ƙasar Holan suka gano cewa akasarin motocin da ake lodawa daga ƙasarsu zuwa Afirka ba su da takardar bizit mai aiki.

Hanyar kuma ta sauya. Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga ranar 1 ga Janairun 2017, abin da ya taɓa kasuwar tiranzit ta Maraɗi sosai. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yulin 2023 aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, kaya suka koma bin Lome da Burkina Faso cikin ayari da rakiyar sojoji. Ga mota mai rufin yadi wannan ba ƙaramin abu ba ne: makonni a filin tashar ruwa, makonni a kan tirela ko a fakin, rana da ƙura na dukan rufin babu wanda ya kula da shi. Saboda haka hoton da dillali ya turo maka ta WhatsApp daga Lome ba lallai ba ne ya yi kama da abin da zai iso.

Motocin da suka fito daga Amurka na buƙatar ƙarin ido. Da yawansu an saye su ne a gwanjon kamfanonin asirans, irin su Copart da IAA, inda ake sayar da waɗanda suka yi hatsari ko ambaliya ta shanye. Jihohi masu ɗumi kamar Florida ne suka fi yawan dekapotabul, kuma su ne guguwa ke yawan yi wa ɓarna, kamar guguwar Ian ta 2022. Motar da ruwan teku ya shiga takan tashi lafiya yau, bayan wata shida wayoyinta su fara ruɓewa ɗaya bayan ɗaya. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17. Da ita ake biyan kuɗi kaɗan a duba tarihin motar Amurka a Carfax, ita kuwa ta Faransa mai ita na iya ciro tarihinta kyauta a shafin gwamnati na HistoVec. Ka tuna kuma kwantar motar Amurka mil take ƙirgawa: idan ka ga 120.000, kilomita kusan 193.000 ke nan.

Hanya ce ke da magana ta ƙarshe

Daga Maraɗi zuwa Tibiri kan babbar hanya ta 1 kake, daga nan ka kama kwaltar da ta bi ta Sabon Mashi da Kornaka zuwa Dakwaro, tafiyar kilomita 120 da ɗoriya gaba ɗaya. A nan dekapotabul ba ta da matsala in ban da tudun rage gudu da ake yi a bakin garuruwa, da ramukan da damina ke bari. Matsalar tana farawa ne inda aka sauka daga kwalta aka nufi ƙauyuka. Hanyoyin karkara na wannan yanki rairayi ne, kuma amalanken shanu da katkat da motocin kasuwa sun haƙa layi biyu sun bar tudu a tsakiya. Tsakanin cikin irin waɗannan motoci da ƙasa bai fi santimita 12 zuwa 14 ba, alhali na Hilux ko Land Cruiser ya haura 20. Idan tudun tsakiya ya fi ƙarfinta, motar takan zauna a kan cikinta, tayoyin na juyawa a banza. Galibinsu kuma tayoyin baya ne ke ja, ba huɗu ba.

Kafewa a rairayi abin kunya ne kawai, samari za su tura a ba su na goro. Abin tsoro shi ne kututture ko dutsen da ya ɓuya a cikin tudun. Kwanon man injin da yawa daga cikin waɗannan motoci na alminiyom ne, ba ya lanƙwasa kamar na ƙarfe, fashewa yake yi. Mai ya zube, direba bai lura ba, ya ƙara kilomita biyu, inji ya ƙone. Daga nan sai neman babbar motar da za ta ɗauko ta zuwa Maraɗi, sai kuma jiran inji daga Kano ko Lome. Wanda ya dage sai ya shiga daji da ita, aƙalla ya sa maƙeri ya yi masa farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji, da ramukan shan iska.

Sai taya. Janti mai inci 18 ko 19 da siririyar taya yana da kyau a hoto, amma rami ɗaya mai kaifi ya isa ya kumbura gefen tayar ko ya tsaga jantin. Ƙaya kuma ba ta san mota mai tsada ba. BMW E93 da Lexus SC430 da yawa sun fito ne da tayar da ke iya ɗan tafiya bayan ta sace, don haka babu tayar sukur a cikinsu, kuma mai facin bakin hanya ba shi da na'urar cire irin wannan taya ba tare da ya ɓata janti ba. A ganina duk wanda zai yi doguwar tafiya ya koma ƙaramin janti, inci 16 ko 17 idan birkin ya yarda, ya sa taya mai kauri, ya nemi sukur ko da zai cinye masa rabin kofur.

Rufin yadi ko na ƙarfe

Rufi iri biyu ne. Akwai na yadi, kamar na Mercedes CLK, Audi A4 da A5, BMW E46 da Toyota Solara. Akwai na ƙarfe mai naɗewa ya shige kofur, dabarar da Peugeot ta fara tun shekarun 1930, Mercedes SLK ta farfaɗo da ita a 1996, daga baya Peugeot 206 CC da 307 CC, Lexus SC430, Mercedes SL ta 2001, Volkswagen Eos da BMW E93 suka bi.

A ƙasar da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40 har ya doshi 45, rufin ƙarfe ya fi tare zafi, ya fi tare hayaniya, kuma ɓarawo ba ya yanka shi da reza. Rufin yadi rana ce ke cin sa: zaren ɗinki ya ruɓe, launi ya kwashe, idan tagar baya ta roba ce ta yi ja ta tsage. Sai dai idan ya lalace mai ɗinkin kujerun mota na iya yi masa dabara, kuma idan na'urar ta tsaya mutum biyu na iya rufe shi da hannu. Na ƙarfe ba haka ba ne. Galibi yana aiki ne da famfon mai, da silinda masu yawa, da ƙananan maɓallai masu gaya wa kwamfutar mota cewa wannan sashe ya kai inda ake so kafin na gaba ya motsa. Ƙurar hunturu ta shiga maɓalli ɗaya, ko robar silinda ɗaya ta bushe ta fara yoyo, rufi ya tsaya a tsakiya, rabi sama rabi ƙasa. Ka ƙaddara hakan ya faru a Kornaka ana hadari.

Duka biyun suna da robobi a gefen gilashi da mahaɗar rufi, da ƙananan magudanan da ke fitar da ruwan sama ta ƙasan mota. Zafi na busar da robobin, ƙura na toshe magudanan. Ruwan farko na watan Yuni sai ya rasa hanya ya gangara ƙarƙashin kafet ko cikin kofur, inda masu ƙera motar suka ajiye akwatunan lantarki. An san SL ta 2001 zuwa 2011 da wannan ciwo, haka ma Eos. Maganinsa mai arha ne in an yi shi a kan lokaci: a hure magudanan kafin damina, a shafa wa robobin man silikon sau biyu ko uku a shekara, kuma motar ta riƙa kwana a rumfa.

Akwai gaskiyar da dillali ba zai faɗa ba. A nan kwanakin da za ka buɗe rufin ba su da yawa. Da bazara rana ba ta bari, kujerar fata ma ba ta zaunuwa. Da hunturu ƙura ce, kuma bin bayan babbar mota a hanyar jan ƙasa da buɗaɗɗen kai sai ka sauka kamar wanda ya fito daga rami. Abin da ya rage shi ne yammacin damina bayan an ɗauke ruwa, da dare a cikin gari, da ranakun biki. Sauran shekara kana cikin rufaffiyar mota ce mai ƙaramin gilashin baya, ka dogara da kilim. Don haka kilim ɗin ma a gwada shi da tsakar rana, mota na tsaye, ba da safe ba.

Wacce daga ciki

Tambayar da ta fi sunan mota muhimmanci ita ce: injinta yana cikin wace mota da ta cika gari? Idan amsar ta yi kyau, makanike ya san shi, kuma kayansa na samuwa a Maraɗi, ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano.

Ta wannan ma'auni dangin Toyota ne a gaba. Solara mai buɗe kai ta 2004 zuwa 2008 tana da injin V6 mai lita 3,3, irin wanda ke cikin Camry, Highlander, Sienna da Lexus RX330. Ba ta kai Marsandi kwarjini ba, amma tana da wurin zaman mutum huɗu na gaske, da kofur mai ɗaukar kaya, kuma ba ta da tsirfa. Lexus SC430, wadda aka ƙera daga 2001 zuwa 2010, tana da V8 mai lita 4,3 irin na LS430, inji mai tsawon rai, kuma rufinta na ƙarfe na cikin waɗanda ba su cika ba da wahala ba. Aibinta shi ne kujerun baya na suna ne kawai, ko yaro ɗan firamare zai takura, kuma idan aka naɗe rufi kofur ɗin bai fi ɗaukar jakar hannu ba. Injunan nan biyu bel ne ke juya su ba sarƙa ba, don haka in babu takardar da ta nuna ranar da aka sauya shi, a sauya shi tare da famfon ruwa kafin tafiyar farko.

A ɓangaren Marsandi, CLK 320 ita ce mai sauƙin riƙo, domin injinta na V6 mai lita 3,2 shi ne a cikin E320 da ML320 da makanikanmu suka daɗe suna buɗewa. CLK 350 ta farko-farko, wajen 2005 zuwa 2007, an san injinta da cinyewar wani haƙori a ciki wanda gyaransa sai an sauke inji. Ita kuwa SL500, wadda ta fi kowacce ɗaukar ido, tana tsaye ne a kan amortisar masu aiki da matsin mai, tsarin da ake kira ABC, ga birki mai lantarki. Idan bututu ɗaya ya fashe motar takan durƙusa a inda take. Shawarata ga wanda ba Yamai yake zaune ba, kuma ba shi da mota ta biyu, ya bar ta ga masu ita.

BMW tana da daɗin tuƙi, wannan babu gardama. Rauninta a ƙasa mai zafi shi ne hanyar ruwan sanyaya inji: tankin ruwa da mahaɗan bututu na roba ne masu tsagewa idan sun tsufa, E93 kuma famfon ruwanta na lantarki ne mai mutuwa ba sallama. Wanda ya saya ya sabunta su gaba ɗaya tun farko. Peugeot 206 CC da 307 CC ba motocin alfarma ba ne, amma suna da arha kuma injinsu sananne ne, sai dai rufinsu da wayoyinsu na son lallashi.

In har zuwa Mai Yara dole ne kowane wata, akwai mota guda mai buɗe kai da aka yi don irin wannan hanya, wato Jeep Wrangler, musamman mai ƙofa huɗu da aka fara a 2007. Rufinta da hannu ake cire shi, babu famfo babu maɓalli, tana da tsayi kuma tayoyi huɗu ke ja. Tana shan mai, tana da girgiza a kwalta, kuma kayanta ba su kai na Toyota samuwa ba, amma ba za ta bar ka a rairayi ba.

Game da mai, a guji masu gazuwal na Turai da aka ƙera daga wajen 2009 zuwa sama, domin suna da matatar hayaƙi mai toshewa idan gazuwal ɗin na da sulfa da yawa ko kuma tafiyar gajere ce kullum. Masu isansi kuma, musamman masu turbo, an tsara su ne don mai mai inganci. Man kwalba na ƴan ruwa-ruwa, wanda ba a san abin da aka gauraya masa ba, shi ne ke kashe musu famfo da injekta. A watan Yulin 2024 gwamnati ta sauke litar isansi daga sefa 540 zuwa 499, dala ɗari ba tamma guda. A kan wannan farashi, tafiyar Maraɗi zuwa Yamai, kilomita kusan 660, za ta ci wa mai V8 da ke shan lita 13 a kilomita 100 wajen jika 43, inda mai Corolla da ke shan lita 7 zai kashe jika 23. Ƙarancin man da aka yi a watan Maris na 2025, duk da matatar SORAZ da ke aiki a Damagaram tun 2011, ya nuna cewa babban inji na iya zama kaya a ranar da layi ya yi tsawo a gidajen mai.

Ranar ciniki

Kada ka je kai kaɗai, kuma kada makaniken da zai duba ya zama na dillali. A fara da rufi: a buɗe a rufe sau uku ko huɗu a jere, inji na aiki, mota a wuri mai daidai. Ya tafi bai ɗaya ba tare da tsayawa ko karkata ba, gilasai su sauka su hau da kansu. A duba cikin kofur da gefen kujerun baya ko akwai danshin mai. Sannan a rufe, a kwarara mata bokiti biyu ko uku na ruwa ta sama, a shiga a shafa kafet da hannu. Mai motar da ya ƙi yarda da gwajin bokiti ya riga ya ba ka amsa.

Motar da aka cire wa rufi ta rasa abin da ke ɗaure jikinta ta sama, shi ya sa ake ƙarfafa ta ta ƙasa, har takan fi ƴar uwarta mai rufi nauyi da kilo 100 zuwa 200. Idan ta taɓa yin hatsari mai ƙarfi, jikin kan murɗe, kuma ba ya komawa daidai. Alamarsa ita ce ƙofa mai wuyar rufuwa, ko tazarar da ba ta yi daidai ba tsakanin ƙofa da jiki. A ɗora taya ɗaya a kan tudu a sake gwada ƙofofin. A leƙa ƙasa a ga ko akwai sabon walda, ko tsatsar gishirin da ake zubawa a titunan Turai da Kanada lokacin ƙanƙara. A sa na'urar bincike a karanta kwamfutar motar, domin akwai masu cire fitilar gargaɗi ta balan-balan ɗin kariya don kada ta tona asiri. Yawancin waɗannan motoci na da ƙarafan da ke fitowa bayan kujeru idan mota za ta kife, kuma fitilarsu ma ta kunnu ta mutu kamar sauran. A ƙarshe a tuƙa ta aƙalla rabin awa, a kwalta da hanya mai gargada, a saurari buwat idan ta yi zafi.

Takardu kuma a bi su ɗaya-ɗaya: lambar shasin da ke jikin mota ta yi daidai da ta kart giriz da ta takardar duwan, harafi da harafi. Motar da aka shigo da ita da sunan tiranzit zuwa wata ƙasa aka karkatar da ita ba a biya mata duwan ba, kuma ranar da aka kama ta mai riƙe da ita ne zai amsa. Binyet na tafiya ne da ƙarfin inji, asirans ma haka, don haka a tambayi kuɗinsu na shekara kafin a yi sallama. Wanda ke da niyyar bi ta Ɗan Isa zuwa Katsina da Kano ya tabbatar asirans ɗinsa ya ƙunshi tsallaka iyaka. A yankunan Madarunfa da Gidan Rumji, inda ake fama da ƴan bindiga masu satar mutane, mota mai jan ido ba ta da amfani bayan la'asar.

Bayan duk wannan, a ware aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin saye a ajiye don shekarar farko: bidanj na inji da na buwat, bel, batir, taya, robobi. Idan ware wannan kuɗi zai sa cinikin ya gagara, to motar ta fi ƙarfin aljihun a yanzu. Masu irin wannan mota da suka daɗe da ita a Maraɗi kusan duk abu ɗaya suke yi: tana gida a rumfa, ana fita da ita cikin gari da kan kwalta, ranar zuwa ƙauye kuma a bar ta a hau katkat ko babur.